Ƙwaya Bakwai

Yila ya turo babur da la'asar sakaliya,
jar lakar hanyar Tula har wuyan tanki.
Ya ce, "Ja min ceni kawai, sauri nake."
Na ɗora injin kan kututturen maɗaci,
na kama ƙafar baya da hannu biyu,
na kaɗa ta gabas, na kaɗa ta yamma.
Ta ce ƙwas.
Na sake, ta sake cewa ƙwas.
"Zauna a benci, Yila. Ceninka ƙalau yake,
ciwon yana can ciki."

Sifana sha tara ta kwance noti,
sandar tsakiya ta fito da kyar, duk tsatsa.
Robar da ke gadin bakin boris
leɓenta ya tsage, ta bar ƙofa a buɗe
tun rafin farko da ya tsallaka a Yuni.
Giris ɗin da na cusa da bazara, ja kamar manja,
ya koma kunun yashi.

Oga Lamela, Allah ya ji ƙansa,
shi ya koya min a ƙarƙashin wannan kwano:
boris ba ya kuka sai ya gama mutuwa,
da yatsa ake sauraronsa.
Na zura manuniya, na juya a hankali,
na ji tsakuwa tana tauna ƙarfe.

Na buga shi daga baya, kaɗan nan, kaɗan can,
don kada ya karkace ya ci gidansa.
Ya faɗo a tire. Ƙwaya bakwai,
biyu sun yi zanzana, ɗaya ta dare.
Kananzir da tsohon buroshin haƙori,
tsumman rigar ƙwallo, sai da gidan ya yi ƙyalli.

Yila ya ji kuɗin sabo, ya cire hula.
"Ba na jabu mai rabin wannan?"
Akwai, na ce, yana cikin gwangwanin can.
Sati uku yake yi.
Ya yi shiru, yana murza makulli.
Na san abin da yake gani:
daren Talata, gonar gyaɗa a bayan dutse,
kububuwa ta sari Baba Ankale a dunduniya,
aka ɗaure masa tsohon a baya da zani,
jini na tsattsafowa daga dasashi,
gangaren nan duka har asibitin Kaltungo
ƙafar baya tana rawa a ƙarƙashinsu.

"Sa mai kyan. Rubuta saura."

Na lakato giris a tafin hagu,
na dinga danna boris a kai, gefe bayan gefe,
har ya ɓullo ta tsakanin ƙwayoyin.
Ban cika gidan maƙil ba, zafi na son wurin numfashi.
Bututun tsakiya, kada a manta shi,
na taɓa mantawa sau ɗaya, na sha mari.
Soket daidai da zoben waje, guduma a sannu,
har sautin ya sauya daga kwal zuwa dim.
Sabuwar roba, na shafa wa leɓenta mai
kamar yadda ake wa jariri bayan wanka.

Na murza ƙafar. Ta yi ta juyawa,
ta yi ta juyawa, ba ta ce komai ba.
"In ka je wanki, hana yaran nan
harba ruwan inji a cibiyarta.
In ka ratsa rafi ya kai gatari, ka biyo ta nan."
Ya ce to, irin to ɗin da na sani.

Da dare Saratu ta ture min sabulu:
"Tuwon ma warin gareji yake."
Ina ƙwaƙular farce da tsinken ashana
na ji babur ya wuce, ya ɗauki hanyar dutse a guje.
Na kasa kunne.
Salansa kaɗai ke magana.